Ɓarawon da Ya Shafa Giris

Sufeto bai gama zama a kujerarsa ba Injiniyan madatsar ruwa ya faɗo ofis, hula a hannu, gumi na bin wuyansa.

"Sufeto, mun shiga uku. An sace sitiyarin ƙofar ruwa."

"Akwai wanda ya mutu?"

"Babu."

"To, da sauƙi. Zauna ka faɗa min a hankali."

Madatsar tana can sama, inda duwatsu biyu suka matso kusa da juna kamar za su gaisa. Da damina takan tare ruwan da ke gangarowa daga tsaunuka har ya zama tafki. Da rani sai a ɗaga ƙofar ƙarfen da ke gindinta, ruwa ya biyo magudana ya sauko wa masu lambu a kwari. Abin da ake murzawa a ɗaga ƙofar wani ƙaton zagayayyen ƙarfe ne mai faɗin tebur, kowa sitiyari yake ce masa. A ranar nan aka yi shela za a saki ruwan bana. Da Injiniya ya buɗe ɗakin da safe, sai ya tarar wayam.

"Babu wani a ajiye?" in ji Sufeto.

"Sai an rubuta wa hedikwata."

Sufeto ya yi ajiyar zuciya. Hedikwata tana amsa takarda, ba a ce ba ta amsawa ba, sai dai galibi magadan wanda ya rubuta ne ke karɓar amsar.

Ana cikin haka aka ji hayaniya a ƙofa. Saja, wanda ya shekara yana tare masu laifi da ƙirjinsa, ya matsa gefe da kansa. Yayar Sufeto ce ta shigo, mace gajera mai faɗin kafaɗa, shugabar ƙungiyar masu lambu. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba.

"Auta!"

"Yaya, nan ofis ne. Sufeto ake ce min."

"Da na goya ka ba ka ce a bayana ofis ne ba." Ta nuna Injiniya da haɓa. "Wannan bawan Allah ya sa aka yi shela yau ruwa zai zo. Mu kuwa muka yarda, muka kwashe ɗan ruwan da ya kwanta a magudana muka yi dashe. Tumatir, albasa, tattasai, duk irin da nake da shi yana cikin ƙasa. Tun da safe sun fara sunkuyar da kai. In rana ta sake bugunsu gobe babu ruwa, noman bana ya tafi, nawa da na kowa."

"Za mu yi bincike, Yaya."

"Bincike ba ya jiƙa ƙasa. Ruwa nake so."

Ta juya ta fita. Saja ya duƙar da kai yana gyara bel ɗin da bai kwance ba, kafaɗunsa na rawa.

"Saja, in ka gama dariya, ɗauko mota."

Hanyar madatsar nannaɗe take a jikin dutse. Da suka kai sama sai ga tafkin shimfiɗe, cike taf, shuɗi, tsuntsaye farare fat a bakinsa suna kallon kansu. Ɗakin ƙofar ruwa ɗan ƙaramin gini ne na siminti a tsakiyar bangon madatsar. Maigadi, wani dattijo mai sanda, yana tsaye a bakinsa ya ƙame kamar za a ɗauki hotonsa.

"Baba, yaushe ka ga sitiyarin nan na ƙarshe?"

"Jiya da safe, ranka ya daɗe, da Injiniya ya leƙa."

"Daga nan fa?"

"Ido biyu nake har yanzu. Ko ƙuda bai wuce ni ba."

"Da rana a ina kake zama?"

"Nan, a bakin ƙofa."

Saja ya nuna wata bishiya can nesa, da tabarma shimfiɗe a inuwarta, har da matashi.

"Tabarmar wa ce waccan?"

Maigadi ya yi tari. "Da rana nakan ɗan je can in miƙe baya. Amma kunnena a buɗe yake."

"Me kunnen ya jiyo jiya?"

"Gaskiya jiya bai jiyo komai ba."

Da dare dai, in ji shi, jingine yake kwana da ƙofar saboda iska, ba mai shiga sai ya ɗaga shi. Sufeto ya yarda da wannan, don ga shatin bayan tsohon a jikin fenti. Ashe da tsakar rana aka yi aikin. Kwaɗon kuwa lafiyarsa ƙalau, an buɗe shi an kuma mayar an kulle. Makullin yana rataye a ƙusa a ofishin madatsar, ƙarƙashin wata sanarwa mai cewa kada kowa ya taɓa.

A cikin ɗakin, sandar ƙarfen da sitiyarin ke zama a kanta tana tsaye tsakiyar daɓe. An naɗe kanta da tsumma, an ɗaure da waya tsaf. Sufeto ya kwance. Giris ne sabo, an shafe kowane haƙori, ba a tsallake ko ɗaya ba. A kan taga kuma ga gwangwanin madara, an zuba noti da washa a ciki, an tsiyaya musu baƙin mai.

"Injiniya, haka ka tarar?"

"Haka na tarar. Ban taɓa komai ba."

Sufeto ya goge yatsansa. A aikin nan ya ga ɓarayi iri-iri, masu fasa ƙofa, masu haura katanga, har da wanda ya ci abincin masu gida kafin ya tafi. Bai taɓa ganin wanda ya tsaya ya yi wa abin da ya bari hidima ba.

"Wannan ɓarawon ya sami tarbiyya," ya ce.

Sai ga bakaniken madatsar ya iso, wani dogon mutum mai furfura a gefen kai, wanda kowa ke kira Sifana. Babu famfo ko injin niƙa a kwarin nan da hannunsa bai taɓa ba. Ya gaishe su da fara'a, amma idonsa ja kamar wanda bai runtsa ba.

"Sifana, ba za ka iya ƙera mana wani abu mu ɗaga ƙofar nan ba, ko na wucin gadi?"

"Ba zai yiwu ba, ranka ya daɗe."

"Ko a gwada?"

"Ba zai yiwu ba. Sai dai a jira 'yan kwanaki. Ni da za a bi shawarata, a leƙa wurin mai gwangwan."

A mota Saja ya yi ta girgiza kai.

"Yallaɓai, mutumin nan da kacar keke ya tayar da injin niƙan unguwarmu. Ban taɓa jin ya ce abu ba zai yiwu ba sai yau."

"Na ji," in ji Sufeto.

Ya ji ɗin, amma abin bai zauna masa ba. Mutumin da ke gyara wa masu lambu famfo ya ce su bar kuɗin sai sun girbe, me zai sa ya hana su ruwa?

Filin mai gwangwan yana bayan kasuwa, tsibin tsofaffin ƙarafa ko'ina. Mai wurin, wani mai tumbi da haƙorin azurfa, ya tarbe su hannu biyu-biyu.

"Ni ban taɓa sayen ƙarfen hukuma ba, ranka ya daɗe. Ko a mafarki."

"Benci mai kyau ne wannan da kake kai," in ji Sufeto. "Ɗan tashi mu gani."

Ya tashi ba da son ransa ba. Allon hanya ne aka ɗora a kan bulo, har yanzu ana iya karanta gargaɗin a rage gudu.

"Wannan iska ce ta kawo shi."

"Za mu dawo kan iskar. Sitiyarin madatsa nake nema."

Saja ya zagaya filin, ya ɗaga wannan ya ture wancan, bai ga komai ba. Da mai gwangwan ya ji an bar noti da washa a gwangwani, sai ya fashe da dariya har tumbinsa na tsalle.

"Ranka ya daɗe, kada ka ɓata wa masu kawo min kaya suna. Su bar noti? Mutanen da in sun shiga ɗaki har ƙusar da aka rataye riga sai sun zare? Da su ne, da ƙofar ɗakin ma tana nan wurina." Ya yi saurin gyarawa. "Wato da sun kawo na kore su."

"Daga madatsa ba wanda ya zo nan kwanan nan?"

"Sai Sifana. Shi kuma saye ya zo yi, ba sayarwa ba. Duk wani duro da babu komai ciki ya kwashe, ya haɗa da doguwar sarƙa. Ya ce a toshe bakinsu kada ruwa ya shiga."

"Ya ce me zai yi da su?"

"Wai aikin ofis."

Sufeto ya kira Injiniya a waya. Injiniya ya ce shi bai san da wani aikin duro ba, kuma babu abin da ake yi a madatsar nan ba da saninsa ba. Sufeto ya ƙyale shi, don ranar ta riga ta yi wa mutumin nauyi.

Rana ta take tsaka lokacin da suka sake hawa dutsen. A hanya suka hango lambuna a kwari, mata da maza na kai da kawowa da bokiti daga wata rijiya da ta kusa ƙafewa. Sufeto ya gane Yaya tun daga nesa. Ita ce mai ɗauke da biyu.

Mutum ɗaya ne ke da kwale-kwale a tafkin, wani masunci siriri mai yawan magana. Suka same shi a bakin ruwa yana ɗinke raga.

"An ce kai ba ka son a saki ruwa," in ji Sufeto.

"Ni? Wanda ya faɗa bai san kifi ba. In ruwa ya janye, ai matsuwa suke yi wuri ɗaya, sai in ɗiba kamar daga tukunya. Ni na fi Yayarka ƙaguwa, Allah ya ja da ranta."

"Me ya yaga maka raga haka?"

"Kututture."

"A ina?"

"Can tsallake. Nesa."

"Ba ka zuwa wajen gangaren siminti?"

Gangaren siminti wuri ne kusa da bangon madatsar, inda aka yi hanya mai sulɓi ta shiga cikin ruwa don sauke jirgin ma'aikata. An hana kamun kifi a wurin.

"Ni? Ban ma san inda yake ba."

Sufeto ya sunkuya yana duba kwale-kwalen, sai ya yi ido huɗu da kansa. A goshin jirgin an ɗaure wani madubi da igiya, madubin gefen mota.

"Na aski ne," in ji masunci da sauri.

Sufeto ya juya bayan madubin. Ga tambarin hukumar madatsa da jan fenti, irin wanda Injiniya ke sa a buga wa komai, har da bokitin banɗaki.

Nan take ya tuna. A tsakiyar daminar da ta wuce, an kawo masa rahoton sace farar akori-kurar madatsar. Ya yi makonni yana bin garejin garuruwan maƙwabta, ya takura wa mutanen da ba su ji ba su gani ba, daga ƙarshe ya rufe fayil da kunya. Wanda ya kawo rahoton, ya ce ya ajiye motar a kasuwa ya dawo bai gan ta ba, Sifana ne.

"Malam, zan sake tambayarka, kuma ka ɗauka ban ji amsar farko ba. A ina ragarka ta kamo wannan?"

Masunci ya sosa ƙeya. "A gangaren siminti, ranka ya daɗe. Wallahi ba laifina ba ne, kifin ne. Tun damina suka tare a wurin kamar an gina musu gida."

"Kai mu."

Suka shiga kwale-kwalen, Saja ya riƙe gefe da hannu biyu yana addu'a a bayyane. Kaɗan da barin gangaren, Sufeto ya karɓi gorar tuƙi ya zura cikin ruwa. Ba ta yi nisa ba ta bugi wani abu. Ya sake bugawa. Ƙarar kwano ce, ba ta dutse ba.

"In aka saki ruwa, nan wurin yakan janye?"

"Kafin mako ya zagayo, nan ai yara ke wasa."

A cikin dogayen ciyayin bakin ruwa kuwa, ga duro nan jere, an ɗaure su da sarƙa, suna lilo a hankali.

Sufeto ya zauna a kwale-kwalen ya yi dariya har sai da Saja ya roƙe shi ya bari a kai tudu tukuna.

Gidan Sifana yana cikin rukunin gidajen ma'aikata, ɗaki biyu da falo, an share tsakar gida tas. Matarsa tela ce, mace mai cikar jiki da dariya a kusa, bazawara da ya aura bara bayan kowa ya gama fidda rai zai yi aure. Ta tashi daga kan keken ɗinki ta tarbe su.

"Sannunku da zuwa. Maigidan ya ɗan fita, yanzu zai dawo. Ku zauna in kawo shayi."

A tsakiyar falon akwai wani zagayayyen tebur, an lulluɓe shi da sabon yadi har ƙasa, an ɗora babban faranti a kai. Ta jera kofuna. Sufeto ya ciro madubin ya ajiye kusa da kofinsa.

Hannunta ya tsaya a iska, butar shayi na tsiyaya a farantin.

"Kin san wannan, Amarya?"

"Madubi ne. Mai kyau. Na sayarwa ne?"

"Kin taɓa shiga motar ofishinsu kafin a sace ta?"

"Ni da mota? Ni ko keke, sai na ɗinki."

Sufeto ya matso da kujerarsa, gwiwarsa ta bugi wani abu mai sanyi ƙarƙashin yadin. Ya shaƙi iska. Ƙamshin shayi ne a sama, a ƙasa kuma wani wari da ya sani tun safe.

"Teburin nan fa?"

"Na gado ne. Na kakata."

"Allah ya jiƙanta. Giris take shafa masa?"

Ya sauke farantin a hankali, ya ɗage yadin. Sitiyarin madatsa ne kwance a kan rabin duro, an goge shi yana ƙyalli, an sa tsumma a ƙarƙashinsa don kada ya karce.

Daidai nan Sifana ya yi sallama ya shigo. Ya dubi teburin, ya dubi madubin, ya dubi matarsa. Sai ya cire hularsa ya zauna a ƙasa.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ƙarya yake, ni ce," in ji matar.

"Ke yi shiru. Ni na ɗauko."

"Ni na jefa motar!"

"Ɗaya bayan ɗaya," in ji Sufeto. "Ankwa ɗaya na zo da ita."

Labarin bai da tsawo. Tun kafin aure take cewa tana son ta iya tuƙi. Wata rana da ba aiki, Sifana ya ɗauke ta a motar ofis zuwa filin da ke saman gangaren siminti, inda ba kowa. Ta yi zagaye ta sake yi, lafiya lau, har yana tafa mata.

"Wallahi hannunta ya faɗa, ranka ya daɗe. Sai ga wata agwagwa da 'ya'yanta sun fito tsakiyar hanya."

"Ƙanana ne fa," in ji matar. "Rawaya-rawaya. Ya zan taka su?"

"Sai ta kauce. Na ce birki, ta taka totur."

"Su biyun kusa da juna suke. Wanda ya ƙera motar ne bai yi tunani ba."

Motar ta bi gangaren ta shige ruwa. Suka fito ta taga, ya jawo ta zuwa tudu, suka zauna jiƙe sharkaf suna kallon rufin motar na nutsewa. Da suka ga duk suna da rai, suka yi ta dariya har cikinsu ya yi ciwo. Sai da dariyar ta ƙare tsoro ya zo.

"Aikina zai tafi, wannan ɗaya. Amma abin da ya fi damuna, in gari ya ji, har ta tsufa Direba za a riƙa ce mata. Sai na je na ce an sace."

"Duron fa?"

"So nake in ɗaure su a jikinta ta ɗan taso, in ja ta can tsakiya inda ruwa ba ya janyewa. Sarƙar ce ta gaza. 'Yan kwanaki kawai nake nema, sai in mayar da sitiyarin in ce a daji na tsinta."

Sufeto ya dube su. A aikinsa ya saba da ma'auratan da kowanne ke roƙon a tafi da ɗayan. Waɗannan kuwa faɗa suke a kan wa za a tafi da shi. Irin wannan ba ya yawa a duniya, kuma inda ya samu ba ya cika daɗewa.

"Abu ɗaya ban gane ba. Ka saci abu, me ya tsayar da kai shafa giris?"

Sifana ya dube shi da mamaki, kamar an tambaye shi dalilin da yake rufe ƙofa in zai yi wanka.

"Ranka ya daɗe, can sama raɓa na sauka. In na bar kan sandar a buɗe, tsatsa za ta ci haƙoran. Ƙarfen ai bai yi min laifi ba."

"Tumatirin Yayata fa, ya yi maka laifi?"

"Ai ba su yi dashe ba tukuna. Sai ruwa ya zo."

"Sun yi. Sun yarda da shela. Yanzu haka bokiti suke ɗauka."

Fuskar Sifana ta canja. Sannan ya miƙe, ya kama sitiyarin ya tayar da shi a kan gefensa.

"In za a kulle ni, a kulle ni bayan na ɗaura. Saja, kama min nan."

Haka aka mirgina sitiyarin kamar taya, daga gidajen ma'aikata har kan bangon madatsar, Sifana a gefe ɗaya, Saja a ɗayan, matar na biye da gwangwanin giris. Labari kuwa ya riga su isa, don masunci bai iya riƙe magana ba ko da an ɗaure masa baki. Kafin su kai, mutane sun cika bangon.

Sifana ya ɗora sitiyarin, ya tsamo noti da washa daga gwangwanin madara, ya ɗaure. Ya tofa yawu a tafin hannunsa ya fara murzawa. Da farko shiru. Sai aka ji wani gurnani daga ƙarƙashin ƙafa, bangon ya ɗan yi rawa, sannan ruwa ya fashe daga gindin madatsar, fari sol, yana tafasa, ya kama hanyar magudana.

Ihu ya tashi. Mata suka rangaɗa guɗa. Maigadi ya jefar da sandarsa ya taka rawa, ya manta da ciwon bayansa. Wasu suka bi ruwan da gudu kamar za su nuna masa hanya.

Injiniya kaɗai ne bai yi dariya ba.

"Sufeto, a hukunta shi. Motar hukuma! Rahoton ƙarya!" Sai ya rage murya. "Amma zai daɗe? Janareton ofis maganarsa kaɗai yake ji."

"Alƙali ne zai faɗa." Sufeto ya juya ga Sifana. "Na kama ka da laifin ɗauke kayan hukuma, da kawo rahoton ƙarya, da sa ni yawon gareji har takalmina ya cinye. Na ƙarshen babu shi a doka, amma shi ya fi min ciwo."

Sifana ya goge hannuwansa tas da tsumma, sannan ya miƙa su. Saja ya sa ankwa.

"Ni fa?" in ji matar.

"Ke gobe ki zo ki ba da bayani."

"Yau zan zo. Wa zai kai masa abinci?"

Suka shiga motar 'yan sanda, wadda Saja ya ajiye tun da rana a kan bango tana fuskantar tafkin. Saja ya murza makulli. Motar ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ko tarin ba ta yi ba.

Sifana ya karkata kai daga kujerar baya. "Batir ne. Sai an tura."

Sufeto da Saja suka fito, 'yan kallo suka nannaɗe hannun riga. Sai matar ta ajiye gwangwanin giris ta matso wajen ƙofar direba.

"Ku duk ku tura, ni sai in riƙe muku."

"A'a!" Bangon madatsar gaba ɗaya ne ya amsa, har da Injiniya, har da mijinta daga cikin mota.

Aka juya motar da hannu ta kalli hanya, Saja ya shiga, aka tura ta tashi. Suka gangara dutsen, magudana na gefensu cike da ruwa, yana ɗauke da busassun ganye da kumfa.

A kwari ruwan ya riga su. Yana shiga lambuna fangali bayan fangali, ƙasa na sha tana huci. Yaya na tsaye cikin taɓo har idon sawu, fartanya a hannu, tana buɗe wa ruwa hanya zuwa tumatirinta. Sufeto ya ce Saja ya tsaya.

Ta zo bakin taga ta leƙa. Sifana ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ki yafe ni. Ban san kun yi dashe ba."

Ta ƙare masa kallo. Sannan ta kai hannu ta dungure masa kai, ta bar masa shatin taɓo a goshi.

"Allah ya shirye ka, kai da direbarka." Ta juya ga ƙanenta. "Auta, kada ku riƙe shi ya daɗe. Famfona ya fara tari."

Ba ta jira amsa ba. Ruwa ya kai bakin fangalin albasa, ta koma da sauri ta buɗe masa.